Haƙorin Ɗiyar Fari

Ni dai har yau in anka ce gwamnati ta kawo taimako, sai na fara tambaya tukuna, na masu ciwo ne ko na masu lafiya? Kada ku yi mini dariya. Na taɓa shiga tsakanin biyun, kuma saura kaɗan in bar haƙorina na gaba a wurin.

Lokacin ina ƙaramar sakandare a Aliero, kullum daga Sabiyal nake zuwa. A daminar shekarar ne haƙorina na sama, wanda ke jikin wushiryata, ya fara yi mini tsiya. Ɗan ɗigon baƙi ne ya fito can kusa da dasashi, bai fi ƙwayar gero ba, sai na ɗaga leɓe a madubi nake ganinsa. Amma in na kurɓi ruwan randa, wayyo Allah, sai in ji zugin har cikin idona. Ban gaya wa kowa ba, kuma ina da dalili. Akwai goggona da ke aure a Maiyama, ƙanwar Baba. An ce da tana budurwa duk garin ba mai murmushinta. Ranar da ta ce haƙori na ciwo, anka kai ta wurin mai cire haƙori a kasuwa, ya sa awartaki ya fizge, ya haɗa da na kusa da shi wanda bai yi laifin komi ba. Tun da na buɗe ido na san ta, in za ta yi dariya sai ta kai gefen mayafi baki. A gidanmu maganin ciwon haƙori ke nan, in gishiri da kanumfari sunka kasa. Ni kuwa wushiryar nan ita ce kaɗai abin da nake taƙama da shi, don ban da haske, ban da tsawo.

Ga wata matsala kuma, ni ce ɗiyar fari. Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane nauyin maganar ba. Inna ba ta kiran sunana, ko da kuskure. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yaba ni, ba ta tambayar mi ke damuna. In tana so na, sai ta ce wa ƙanwata, "Kira mini waccan." Ni ce waccan. Kunya ce, haka ta iske uwarta na yi, kuma duk matan gari za su yi da ita in ta saki baki ta kira ɗiyarta ta fari kamar wata marar ta-ido. Na san da haka, an sha gaya mini. Amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban, musamman da yake a shekarar sai na ga abin ya wuce kunya ya zama wani abu.

Misali ruwa. Da rana tsaka in mun dawo makaranta, maƙogwaro ya bushe, ƙanwata za ta tarar da moɗa cike da ruwan randa mai sanyi. Ni kuwa sai Inna ta tura mini kwanon sha da ƙafa, ruwan bokiti wanda ya sha rana, ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. In anka sayo rake, a yanka wa kowa gaɓa biyu-biyu, ni a ce in je in duba tukunya, kafin in dawo sai ɓawo. Gaskiya raken ba zan iya sha ba, ruwan sanyin ma wahala yake ba ni, amma wa ya sani? Ai da sai a miƙo mini in ce na ƙoshi. Raina ya yi ta ɓaci, har na fara tunanin ko dai riƙona anka ba ta.

Ana cikin haka, wata safiya shugabar makarantarmu ta tara mu ta ce gwamnati ta turo likitocin haƙori Jega na ɗan lokaci, za su duba 'yan shekara goma sha, su wanke haƙora, su gyara abin da bai yi nisa ba, kuma gwamnati ta ɗauki nauyi. Ta ce rigakafi ne, don haka kada mu jira sai ciwo ya kama mu. Wanda nasa ya riga ya lalace, wannan sai babban asibiti a Birnin Kebbi, shi kuma ba ya cikin taimakon. Sannan dole kowa ya je da uwa ko uba.

Na dawo gida kaina na juyawa. Nawa ya lalace ko bai lalace ba? Yana ciwo, amma sai da ruwan sanyi. To ni mai ciwo ce ko mai lafiya? In na je na ce yana ciwo, za su ce na wuce layin rigakafi. In na ce ba ya ciwo, to mi ya kawo ni?

Baba ba ya gari, ya bi motar albasa zuwa Kudu, kuma in ya tafi irin wannan tafiya sai ya sayar ya ga bayan kaya. Sai na nufi Kaka, uwar Baba, don ita ce mai kiran sunana har da ƙari, a ɗakinta nake kwana. Na tarar da ita tana goga fure a haƙora, bakin nan ja wur da goro. Na kwashe bayani na gaya mata.

Ta ce, "Haƙorin naki ciwo shikai?"

Na ce, "A'a."

"To uban mi za ki yi asibiti?"

Na ce ai na masu lafiya ne. Ta ajiye furen ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, ƙawata, boko ya taɓa miki kai? Mai lahiya shi tahi asibiti, marar lahiya shi zauna gida? Wace irin gwamnati ta wagga? Ni da gwiwata ta hana ni sallah tsaye, ba su gan ni ba, sai haƙoran da ke tauna ƙashi?"

Na ce to a ce yana ɗan ciwo fa?

"In shina ciwo, ga mai awartaki nan ranar kasuwa, minti guda ya gama."

Na ce ba ya ciwo, wallahi ba ya ciwo. Na yi rantsuwar ƙarya a kan haƙori, Allah Ya yafe mini. Ta ce to magana ta ƙare, kuma ko da ba ta ƙare ba, ita ba ta shiga mota, amai take yi.

Garin ma duk ya ruɗe. Wasu sunka ce allura za a yi wa yara a dasashi. Wata maƙwabciyarmu ta ce ta ji ana kankare haƙori da inji har ya zama siriri, iska ta riƙa shiga. Wani tsoho da kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai ya hau kabu-kabu ya je, anka ba shi haƙuri anka ce na yara ne, ya dawo yana faɗa tun daga bakin gari. Malamin makarantar allonmu kuwa ya ce tsabtar baki sunna ce, ba laifi, amma shi bai ga abin da asuwaki ya rage ba. Kowa da tasa, ni kuma ina kwance ina lasar ɗigon nan da harshe, ina jin kamar kullum ƙara faɗi yake.

Sai ranar da anka ce daga ita likitocin za su tashi, da sassafe, Inna ta fito da hijabinta na unguwa. Ta ce ta yi waya da Baba, ya yarda ta kai ƙanwata a duba mata haƙora. Ƙanwata! Yarinyar da ke fasa goruba da baki, ta buɗe kwalbar lemo da turmin haƙori. Ita kanta ƙanwar tawa sai da ta ce, "Inna, ni mi nawa ya yi?" Inna ta ce ta rufe mata baki ta sa takalmi. Sannan ta juya wajen rumbu, kamar da rumbun take magana, ta ce, "Waccan ma ta biyo mu ta riƙa mini jaka."

Jaka! Ni da ciwo ni ce 'yar dako. Na ɗauki jakar kamar in jefa ta rijiya. Har Jega warin albasa ya cika motar, ina ta haɗiyar kuka ina cewa hayaƙi ne.

An kafa rumfa a harabar wani asibiti, mata da yara cike, layi ya lanƙwasa har gindin dalbejiya. Kuma abin haushi, ga matan garinmu nan da yawa, har da maƙwabciyar da ta ce ana kankare haƙori, ta zo da 'ya'yanta duka. A bakin rumfar akwai tebur, wata ma'aikaciya matashiya na zaune tana ɗaukar sunaye. Ba 'yar wajenmu ba ce, Hausarta ta koyo ce, amma tana ji sarai, kuma da gani ta gaji. Da layi ya zo kanmu, Inna ta faɗi sunan ƙanwata da ƙarfi, har da shekarunta, har da cewa a watan azumi anka haife ta. Anka ce ƙanwata ta shiga. Ni ina gefe da jaka. Sai na ji gwiwar hannun Inna a bayana, ta tura ni gaba har na buge tebur.

Ta ce, "Wagga ma a duba ta."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Ashe da ni?

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, ita ma 'yarki ce?"

Inna ta dubi ƙasa, ta dubi matan garinmu da ke bayanta sun kasa kunne. Ta gyara hijabi.

"Ɗiyar mutanen gidanmu ta."

"To ina mamanta?"

Inna ta ƙara jan hijabi.

"Ina babanta?"

"Ya yi Kudu."

Ma'aikaciyar ta ajiye biro ta ce ta yi haƙuri, ba za a taɓa bakin yarinya ba sai uwa ko uba ya yarda, tun safe mutane ke kawo 'ya'yan maƙwabta, kuma an ja mata kunne. A je a zo da uwarta kafin a tashi.

Na ce, "Ai ita ce Innata!"

Ta dubi Inna. "Mama, ke kika haife ta?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Inna ta shige. Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ɗiyar hwari ta, ba ta hwaɗi!" Wata ta ce, "Ke dai rubuta, 'yar nan." Wata kuma, don neman magana, ta ce, "A'a, ku bari mu ji ko za ta amsa." Duk sunka ɗauki surutu lokaci guda. Ita ma'aikaciyar ta rasa gane komi, ta ce ita ba ta san wannan ba, tambaya ɗaya ta yi, i ko a'a. Mi ya sa uwa za ta kasa cewa ɗanta nata ne? Inna ta ja bakinta ta ɗinke. Anka ce mu matsa gefe, na baya ya matso.

Munka koma gindin dalbejiya. Inna ta zauna a kan tushe ta juya mini gefe. Na tsaya riƙe da jakar ina ƙoƙarin gane abin da ya faru. Ta kawo ni, ta tura ni gaba, sannan ta ce ba ta san ni ba. In ba ta so a duba ni, mi ya sa ta tura ni? In tana so, kalma guda fa anka nema. Ƙanwata ta fito tana washe baki, haƙora fari tas, tana cewa ba zafi, abin har daɗi, likitan ya ce nata ba abin da ya same su. Na ji kamar in kwaɗa mata jakar.

Rana ta yi sama, layi na raguwa. Na ga an fara naɗe tabarmi, wani na kwance igiyar rumfa ta gefe guda. Na tuna goggona ta Maiyama da gefen mayafinta. Sai wani abu ya taso mini daga ciki, na jefar da jakar a ƙasa, na zagaya na tsaya a gaban Inna, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Inna, in ba ke kinka haife ni ba, ki gaya mini yau in sani. In kuwa ke ce, to ki bari a cire haƙorin, in zauna da giɓi kamar Goggo, sai kunyar taki ta cika."

Ƙanwata ta dafe baki. Ni kaina na tsorata da abin da ya fito bakina, na jira mari.

Inna ba ta mare ni ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe hijabi, ta kama wuyan hannuna da ƙarfi har ya yi zafi, ta ja ni, ta ratsa layin ba ko sannu. A gaban teburin ta sa hannu ta kama haɓata ta ɗaga. Ban tuna ranar da hannunta ya taɓa fuskata kafin wannan ba, tafin da kaushi, yana warin albasa. Ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓena. Sannan ita ma ta yage nata baki, a gaban duk matan Sabiyal, ta nuna wushiryarta.

"Dubi nan, dubi nan. Kin gani? Wa ya ba ta, maƙwabta?"

Ma'aikaciyar ta dubi bakina, ta dubi na Inna, ta fara murmushi. Inna ba ta tsaya ba, maganar na fita da sauri kamar mai tsoron kada ta fasa.

"Wanga na sama, na hagu, shi na. Tun damina shika damunta. Ba ta shan ruwan randa sai ta runtse ido, shi ya sa nika aje mata nata a rana. Rake ba ta iyawa. Tuwo ma da gehe guda taka ci. Ta ɗauka ba a gani. Ni na haihe ta, ni na yi naƙudarta. Sai ki rubuta."

Maimakon in ji daɗi, sai tsoro ya kama ni. Ta tona! Ta ce yana ciwo, yanzu za a ce sai Birnin Kebbi. Na fara cewa, "A'a, ba ya ciwo, wallahi ba..." Inna ta matse mini haɓa na yi shiru.

Ma'aikaciyar ta ɗauki biro ta ce, "To Mama, sunanta?"

Inna ta sake ni, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Harshenta lahiya lau shike. Ta hwaɗi da kanta."

Matan sunka kwashe da dariya, har da tafi. Na faɗi sunana da kaina, muryata kamar ta wata.

A ciki likitan ya kwantar da ni a wata kujera, ya haska fitila, ya tambaye ni ko yana ciwo. Na ce a'a, na ce i, na ce da sanyi kawai, sannan na fashe da kuka na tambaye shi ko na wuce rigakafin. Ya yi dariya ya ce irin nawa suke nema, ɗan rami ne bai kai ciki ba, da na ƙara wata shekara da sai dai wani zancen. Ya goge wurin da wani abu mai ƙara, ya cike da wani farin abu, ya wanke sauran. Har na tashi ban gane ba ko a masu ciwo ya sa ni ko a masu lafiya, kuma ban tambaya ba kada ya canza ra'ayi.

A mota matan garinmu sunka sa Inna gaba. "Ni na haihe ta! Ni na yi naƙudarta!" Suna kwaikwayon muryarta suna dariya, maƙwabciyar nan ta ce yau kam sai an ba Kaka labari. Inna ta juya fuska waje, kunnenta kaɗai nake hangowa ta gefen hijabi. Na san za a yi watanni ana yi mata wannan a wurin biki da suna, kuma an yi. Ina zaune a bayanta ina lasar wurin da harshe, sumul, ina ta tuna kwanon ruwan ɗumin nan da na sha zaginsa a zuciyata. Na so in ce mata wani abu, na rasa da wane baki.

Da munka isa gida rana ta yi sanyi, amma ƙishi kamar ya kashe mu. Kaka na tambaya daga ɗaki ko an kankare mu. Inna ta cire hijabi ta rataya, ta nufi randa, ta buɗe faifai, ta zura moɗa can ƙasa inda ya fi sanyi. Ta cika ta har tana zuba. Ba ta dube ni ba. Ta miƙa wa ƙanwata ta ce, "Ki ba waccan."

Na karɓa da hannu biyu na kafa kai. Sanyin ya bi ta kan haƙorin ya wuce, ban ji komi ba. Inna na tsaye ta ba ni baya tana gyara murfin randa da ba abin da ya same shi, kuma ba ta motsa ba sai da ta ji na shanye.